Kundin aikin karatun yara a gaban dabbobin da ke jiran mai riƙo

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Yau aka kammala yarjejeniya tsakaninmu, mu masu aikin sa-kai, da gidan kula da dabbobin da suka ɓata ko masu su suka yasar, bayan an ɗauki lokaci ana kai-komo a kan sharuɗɗa. Tsarin shi ne, kowace Asabar da hantsi, yara 'yan shekara 6 zuwa 12 waɗanda malamansu suka tabbatar cewa karatu a bayyane yana yi musu nauyi za su zo da izinin iyayensu, su zauna a ɗakin kyanwoyi ko a gaban kejin karnuka, su karanta littafi da murya na kimanin minti 20. Ni aka ɗora wa rubuta abin da ke gudana, kuma na ƙudurta rubuta abin da idona ya gani, ko da bai yi wa aikin ado ba.

Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba. A 1999 ƙungiyar Intermountain Therapy Animals da ke birnin Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka ta fara shirin R.E.A.D., inda ake kai horarrun karnuka, kowanne tare da mai shi, ɗakunan karatu da makarantu domin yara su karanta musu. Daga baya wasu suka juya abin, maimakon a kawo wa yaro dabba sai a kai yaron wurin dabbar da ba ta da kowa. A 2013 ƙungiyar Animal Rescue League ta gundumar Berks a jihar Pennsylvania ta buɗe shirin Book Buddies, wanda yara ke karanta wa kyanwoyi, sannan a ƙarshen 2015 ƙungiyar Humane Society of Missouri ta fara Shelter Buddies, inda yara 'yan shekara 6 zuwa 15 ke zama a gaban kejin karnuka masu tsoron mutane suna karatu.

Bambancin da ke tsakanin nau'o'in biyu shi ya haifar da yawancin dokokinmu. Horarren kare an gwada halinsa, an san abin da yake iya jurewa, kuma mai shi yana kusa. Karen da aka tsinto kuwa ba wanda ya san abin da ya sha a baya, ko duka ne, ko yunwa, ko ɗauri na tsawon watanni. Saboda haka shugabar gidan ta kafe a kan cewa yaro ba zai taɓa kare ba, ba zai zura yatsa cikin keji ba, kuma dabbar da likita bai duba ya yi mata rigakafi ba, musamman na ciwon haukan kare, ba za ta shiga shirin ba. Wannan sharaɗi ya kwantar da hankalin iyaye da yawa, domin wasunsu sun faɗa mana tun farko cewa ba su yarda 'ya'yansu su yi cuɗanya da kare ba, mu kuma muka ba kowane gida zaɓi tsakanin ɗakunan biyu. Mafi yawa sun zaɓi kyanwoyi.

Asabar, 13 ga Satumba

Ba a buɗe littafi ko ɗaya yau ba. Ma'aikaciyar da ke kula da halayyar dabbobi ta koya wa yaran yadda ake fahimtar abin da dabba ke nufi ta motsin jikinta, domin wanda zai zauna kusa da ita dole ya san lokacin da take cewa ta gaji. Kare idan yana yawan hamma ba don barci ba, ko yana lasar leɓe, ko ya kawar da kai yana kallo ta gefen ido har farin idon ya bayyana, ko ya cusa jela tsakanin ƙafafu, to a takure yake. Ta kuma gargaɗe su cewa kaɗa jela ba kullum yake nufin murna ba. Kyanwa kuwa idan ta kwantar da kunnuwa baya tana bugun ƙasa da wutsiya, a ƙyale ta. Idan ta shige kwali ta ɓoye, ba a zaro ta.

Abin da ya fi burge yaran shi ne maganar lumshe ido. Wani bincike da masana daga jami'o'in Sussex da Portsmouth a Ingila suka wallafa a 2020 ya nuna cewa kyanwoyi sun fi kusantar baƙon da ya dube su yana lumshe ido a hankali a kan wanda ya tsaya fuskarsa ba motsi. Kafin a tashi, duk ɗakin ya koma masu lumshe ido.

An koya musu zama a karkace, wato su ba keji gefen jiki, kada su ƙura wa kare ido, domin a wurinsa wannan barazana ce. An kuma yi maganar murya. Kunnen kare da na kyanwa suna kama sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum nesa ba kusa ba, kuma an auna hayaniyar ɗakunan karnuka a irin waɗannan gidaje ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara idan haushi ya kaure. Aikin yaro shi ne ya rage hayaniya, ba ya ƙara ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Karatu na farko. Mun taƙaita yara huɗu a ɗaki, kowane ɗaki da babba ɗaya da ke zaune nesa kaɗan, inda zai ga komai ba tare da ya tsaya a kan yaro ba. A sashen karnuka, shigar yaran ta tada haushi, kuma sai da aka yi 'yan mintuna kafin wurin ya lafa. A ɗakin kyanwoyi akasin haka aka samu, domin kusan dukkansu sun haye saman katako suna leƙen baƙi, kuma ba wadda ta sauko sai can wajen ƙarshe.

Yawancin yaran sun fara da raɗa, ta yadda ko wanda ke kusa da su ba ya jin kalmomin. Wani yaro ɗan shekara tara, wanda malamarsa ta rubuto mana cewa bai taɓa yarda ya karanta a gaban aji ba, ya riƙe littafin bai ce uffan ba, sannan ya waiwayo ya tambayi mai kula da ɗakin, "Malama, idan na yi kuskure fa?" Ta ce masa karen bai san haruffa ba. Ya yi dariya, ya karanta shafi biyu, yana tsayawa yana haɗa baƙi, ba wanda ya ce masa ya yi sauri.

Asabar, 4 ga Oktoba

Muhawarar da na san za ta taso ta taso yau a tsakanin masu aikin sa-kai, kuma ina ganin ita ce zuciyar aikin, don haka zan tsaya a kanta. Ɗaya daga cikinmu, tsohon malamin firamare, ya ji wata yarinya ta karanta kalma ɗaya ba daidai ba har sau da yawa a shafi guda, sai ya kasa haƙuri ya gyara mata. Yarinyar ta maimaita daidai, amma daga nan muryarta ta koma ciki, ta riƙa ɗaga ido tana dubansa a ƙarshen kowane layi, kyanwar da ke gabanta kuwa ta manta da ita. Da muka zauna bayan yara sun tafi, ya ce barin yaro yana maimaita kuskure cutar da shi ne, domin abin da aka maimaita shi ke zama a kai. Wasu suka ce dalilin kawo yaran nan gaba ɗaya shi ne su sami mai sauraro wanda ba ya gyara.

Kowannensu yana da gaskiya, kuma dalilin haka a fili yake idan aka duba yadda karatu ke ginuwa. Tun a 1974 masana LaBerge da Samuels suka bayyana cewa hankalin mai karatu yana da iyaka, idan ya ƙare a kan haɗa baƙi to babu abin da ya rage na fahimtar ma'ana, kuma kalmomi ba sa zama masu sauƙin ganewa nan take sai da yawan haɗuwa da su. A 1986 Keith Stanovich ya nuna yadda tazara ke ƙaruwa tsakanin yara: wanda ya iya yana jin daɗin karatu, sai ya yawaita, sai ya ƙara iyawa, wanda kuma ke shan wuya sai ya guje wa littafi, ya rasa atisayen da shi kaɗai zai fitar da shi. Kunya a gaban aji ita ce babbar mai korar irin waɗannan yara daga littafi. Abin da dabba ke iya yi shi ne ta cire kunyar, yaro ya sami mintunan karatu da ba zai samu a wani wuri ba. Abin da ba za ta taɓa iya yi ba shi ne ta gaya masa cewa harafin da yake kira ba shi ba ne. Duk wanda ya ce kyanwa tana koyar da karatu ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Matsayar da muka cimma ita ce a raba lokacin gida biyu, kuma yaro ya san rabon. Kafin shiga ɗakin dabbobi, zai zauna da babba na minti biyar su bi shafukan da zai karanta, a warware kalmomi masu wuya. A cikin ɗaki ba mai gyara masa sai in shi ya nemi taimako, kuma idan ya nema a faɗa masa kalmar kai tsaye ba tare da an mayar da abin darasi ba. Babba zai rubuta kalmomin da suka ba shi wuya a ɓoye, a dawo kansu mako mai zuwa a wancan zama na farko. Tsohon malamin ya amince, ko da yake fuskarsa ta nuna bai gamsu duka ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mun tace akwatin littattafai. Yara da yawa suna ɗaukar littafi mai kauri don kada a ce na ƙanana suke karantawa, sai su maƙale a layin farko. Mun koya musu gwajin yatsu biyar: a buɗe shafi, duk kalmar da ta gagara a lanƙwasa yatsa, idan hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare to a ajiye littafin zuwa gaba. Malaman karatu suna ɗaukar cewa littafin da yaro zai karanta shi kaɗai shi ne wanda yake samun aƙalla kalmomi 95 daidai cikin 100. Hujjar da ta fi shiga kan yaran ita ce cewa dabbobin sun fi son labari mai tafiya ba gargada, kuma wannan ba ƙarya muka yi musu ba, domin murya mai daidaito ita ke kwantar da su.

Asabar, 25 ga Oktoba

Iyaye sun fara tambaya ko abin yana aiki, kuma tambaya ce da ta dace. A makon farko mun auna kowane yaro da hanyar da makarantu suka saba, wato ya karanta wani rubutu na minti ɗaya a ƙirga kalmomin da ya samu daidai, kuma za mu sake a Disamba da rubutu mai nauyi iri ɗaya. Ana yin awon a wani ɗaki dabam, domin ba ma son agogo ya shiga inda dabbobi suke.

Tun yanzu na gaya wa iyayen kada su ɗauki sakamakon a matsayin hujja mai ƙarfi. Yaranmu kaɗan ne, suna zuwa makaranta a duk tsawon wannan lokaci, kuma yaro yana ƙaruwa a wata uku ko da bai ga kyanwa ba. Ko manyan masu bincike sun yi taka-tsantsan a nan. A 2016 masana Hall da Gee da Mills sun tattara binciken da aka yi kan karatun yara a gaban karnuka suka wallafa nazarinsu a mujallar PLOS ONE, inda suka ce alamu suna nuna amfani ta fuskar sha'awar karatu da raguwar fargaba, amma ingancin hujjojin yana da rauni, domin da yawa ra'ayi ne ko gwaji a kan yara ƙalilan ba tare da an kwatanta su da yaran da ba su shiga shirin ba. Ƙari a kan haka, yawancin abin da aka bincika ya shafi horarrun karnuka ne, ba irin namu ba. Ina ganin masu tallata irin wannan shiri sukan tsallake wannan sashe, kuma tsallakewar ba ta taimaki kowa ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Yau bayanin na dabbobi ne. Masu shirin Missouri sun kafa nasu ne musamman don karnuka masu ɗari-ɗari, bisa lura da cewa karen da ke fitowa gaban keji idan baƙi sun zo ya fi saurin samun mai ɗauka a kan wanda ke maƙurewa a lungu. Akwai kuma binciken da Brayley da Montrose suka wallafa a 2016, wanda ya gano cewa karnukan keji sun fi kwanciya su huta idan an kunna musu muryar mutum yana karanta littafi, fiye da lokacin da aka kunna musu kiɗa. Abin da muke gani bai saɓa wa wannan ba. Wata tsohuwar karya mai ɗingishi, wadda a makonnin farko ba ta barin bango, yanzu takan matso ta kwanta kusa da ƙofa tana ba mai karatu baya, kuma ma'aikatan sun ce juya baya a wurin irinta alamar sakin jiki ce.

Sai dai ba kowace dabba abin ya karɓa ba. Wani matashin kare ya riƙa zagaye kejinsa yana haki tun daga shigar yara har fitarsu, kuma ma'aikatan sun lura ba ya cin abincinsa da rana duk ranar karatu. An cire shi daga shirin, an mayar da shi sashen da yara ba sa shiga. Yaron da ya saba zama a gabansa ya ɗauka laifinsa ne, sai da aka zaunar da shi aka nuna masa cewa alamun da ya koya a watan Satumba su ne aka gani aka yi aiki da su. Mun ƙara doka: ma'aikatan gidan ne ke zaɓar dabbobin kowane mako, kuma ba sai sun ba mu dalili ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An samu wanda ya ɗauki farar kyanwar nan mai ido ɗaya a tsakiyar mako. Yarinyar da ke karanta mata tun farkon shiri ta iso da littafinta ta tarar da wurin wayam, ta yi kuka, ta ƙi shiga ɗakin. Wannan shi ne abin da ya raba aikinmu da na horarrun karnuka fiye da komai, domin nasarar gidan ita ce dabbar ta tafi, yaro kuwa shaƙuwa yake yi. An gaya wa yaran haka tun ranar horo, amma ji a baki dabam yake da ganin keji ba kowa.

Shugabar gidan ta kawo shawara mai kyau. Daga yanzu za a riƙa sanar da mu da zarar an fara maganar ɗaukar wata dabba, domin iyaye su shirya yaron kafin Asabar, kuma yaron da ya so zai rubuta 'yar takarda ga sabon mai riƙon yana bayyana halin dabbar da irin labarin da ta fi natsuwa da shi. Yarinyar ta rubuta layi huɗu, ta tambayi rubutun kalmomi biyu, kuma mahaifiyarta ta ce wannan ne karon farko da ta rubuta wani abu ba aikin gida ba. Za mu kuma riƙa ƙarfafa yara su karanta wa dabba fiye da ɗaya.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ba a yi karatu a ɗakin kyanwoyi ba. Likita ya ga alamun makero a jikin wasu 'yan kyanwoyi da aka kawo kwanan nan, kuma da yake cutar tana kama mutum, an rufe sashen har sai an gama magani da wanke wurin. Yaran ba su taɓa shiga ɗakin da sababbin suke ba, amma mun sanar da iyaye duka. Waɗanda aka yarje musu sun koma sashen karnuka, sauran sun karanta wa juna biyu-biyu a zauren baƙi.

Asabar, 6 ga Disamba

An buɗe ɗakin kyanwoyi, kuma mun yi awo na biyu. Yawancin yaran sun samu kalmomi daidai fiye da na Satumba, wasu kaɗan suna nan inda suke. Abin lura shi ne waɗanda suka fi ƙaruwa su ne waɗanda tun asali sun iya haɗa baƙi, tsoro ne kawai ya ɗaure musu harshe. Waɗanda matsalarsu ta gane sautin haruffa ce sun ƙara ƙarfin murya da son zuwa, amma kuskurensu bai ragu sosai ba, kuma tsohon malamin nan bai yi jinkirin nuna mana hakan ba. Biyu daga cikinsu mun shawarci iyayensu su nemi makaranta ta duba ko akwai larurar karatu da ke buƙatar ƙwararre, domin minti biyar ɗinmu na share fage ba zai wadatar ba.

Mun kuma lura cewa yaran da ke maimaita littafi guda mako bayan mako, saboda a cewarsu dabbar tana son sa, sun fi kowa santsin karatu a kansa. Samuels ya bayyana wannan hanya ta maimaita rubutu ɗaya tun 1979, amma a aji yara sukan ƙosa da ita. A nan su suke nema da kansu.

Tambayar da ta rage ita ce ko ƙwarin gwiwar yana bin yaro zuwa aji. Amsoshin malamai sun rabu. Malamar yaron nan ɗan shekara tara ta ce ya ɗaga hannu ya karanta sakin layi guda a gaban 'yan ajinsu. Wata malamar kuwa ta ce ɗalibarta, wadda a wurinmu take karatu har da canza murya ga kowane mai magana a labari, a aji har yanzu shiru take. Ranar da aka rufe ɗakin kyanwoyi ta nuna mana wani abu a kan wannan, domin yaran da suka karanta wa juna biyu-biyu sun yi shi ba tare da wata tirjiya ba, abin da da wuya su yi a Satumba.

Asabar, 13 ga Disamba

Zama na ƙarshe kafin hutu. Mun amince cewa idan aka dawo a Janairu za a ƙara mataki tsakanin dabba da aji: bayan minti 20 a ɗakin dabbobi, yaron da ya shirya zai karanta shafi ɗaya ga yara biyu ko uku, kuma ba za a tilasta wa kowa ba. Zaman share fage zai koma minti goma ga masu matsalar haruffa, kuma tsohon malamin ya karɓi nauyin tsara shi. Gidan ya nemi mu duba yiwuwar ƙara wata rana a tsakiyar mako, domin dabbobin da ke amfana suna zama kwana shida ba mai karanta musu, amma masu aikin sa-kai da muke da su ba za su isa ba, kuma ba za a sassauta dokar babba ɗaya a kowane ɗaki ba. Za a aika wa iyayen yaran da ke jerin jira takardar neman izini a makon farko na Janairu, sannan a sa ranar horon sababbi bayan an ga adadin waɗanda suka amsa.